Dami na Dubu

Maraɗi, ƙarfe biyar da kwata

Ranar Lahadi, ana sallame sallar asuba muka fice ta ƙofar baya, ni da kakata Hajiya Babba, uwar mahaifina. Ku 'yan ajinmu da kuka ishe ni da tambayar inda na shiga, ga amsa. Malamai na yajin aiki, makarantarmu ta lise a rufe, ba ku da wani abin karantawa, sai ku karanta ku miƙa wa na kusa.

Hajiya tana da ƙane guda, Nomau, a wani ƙauye bayan Tsibiri. Shi har yau Anne ne, yana kan gadon kakanni. Shekara goma sha ɗaya ba su yi magana ba, tun ranar da ta dawo Makka ya aiko mata cinyar rago aka mayar masa don yankan hannunsa ne. To bana Allah ya ba shi dubu. A wajensu, manomin da ya ɗaure dami dubu na hatsi a damina ɗaya yakan tara jama'a, a yi kiɗa, ya rabar, a naɗa shi Sarkin Noma. Sai ya aiko mai sayar da kaji da saƙo: ɗari tara da casa'in da tara sun ɗauru, na dubun daga gonar ubansu ta Jiratawa zai fito, a hannun yayarsa, kafin inuwa ta juya gabas. In ba ta zo ba, makaɗa su koma gida, kuma kada ta zo jana'izarsa.

Baba ya ce ba mai taka wurin daga gidansa. Muka ce masa dubiya za mu Jiratawa. Ba ƙarya muka yi gaba ɗaya ba, don ba a rasa marar lafiya a Jiratawa.

A tasha muka sami bashe, irin motar nan mai tanti a baya, dala ashirin kowa. Ba ta cika ba sai shida da minti goma. Na ce wa direba mu tafi hakanan, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke kika saye ta?"

"In na saye ta, kai zan fara kora."

Hajiya ta mintsine ni. Ita kuwa dariya ke cinta, haƙorin Makka na walƙiya. Tunda nake ban taɓa ganin ta saci hanya ba, ashe ta iya.

Jiratawa, bakwai saura kwata

Wajen kilomita goma sha biyu ne, amma ƙasusuwana sun ce hamsin. Gari kore shar, ruwa na bin magudanai, albasa da zogale ko'ina. Can kan tudu, inda ruwan bai kai ba, nan guntun gonar kakanninmu ta rage, Gwaggo Tabawa ke noma ta, matar wani ɗan uwan Hajiya da ya rasu.

Aka fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina Alhaji, ina yara, ina jikin wane, ashe wance ta rasu, sai a koma ina kwana. Na duba agogo: minti arba'in. Na ce, "Hajiya, rana fa ba ta gaisuwa." Gwaggo ta ce, "Wagga ɗiya da wuta aka haihe ta?" Ta cusa min kwanon kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli don in yi shiru. Na yi shiru, don kwaɗon ya isa a yi masa shiru.

Takwas da rabi aka fito da damin daga rumbu. Tsawonsa ya kai min ƙirji, zangarnu cike, an ɗaure tsakiyarsa da ɓawon kalgo. Hajiya ta shafa shi kamar kan jariri, ta kwance wani tsohon zane ta lulluɓe shi, don dole mu ratsa ta Maraɗi, kuma rabin Maraɗi ya san Baba.

Mota kuwa babu. Wata jam'iyya na taro a birni, ta kwashe duk abin da ke da ƙafa huɗu ban da jakuna. Saura kabu-kabu biyu a gindin itacen bedi. Hajiya ba ta taɓa hawa babur ba. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta ce wa mai shi, "Ɗana, kana da uwa?" Ya ce yana da ita. Ta ce, "To ita ka ɗauko." Ta tattare leshi ta haye. Ni na hau na biyun, damin gicciye a cinyata kamar fukafukai.

Ratsa Maraɗi, tara da minti ashirin

Na yi ta ihun dariya tun daga Jiratawa. Hajiya na gaba, mayafi na tashi, ta riƙe rigar bawan Allah har ta shaƙe masa wuya, tana salati da ƙarfi, in an faɗa rami ta haɗa da sunan ubanta.

Muka kauce wa babbar kasuwa saboda shagon Baba, sai muka faɗa cikin abin da ya fi shi: jerin gwanon jam'iyyar nan, motoci da kalangu da mata cikin anko. Babur ɗin Hajiya ya sulale ya wuce. Namu ya zo tsakanin wata mota da amalanke, bakin damin ya daki mota, kalgon ya tsinke. Zangarnu suka watse kan kwalta.

Na diro ina zagin kowa. Matan ankon, Allah ya saka musu, suka bar tafi suka taya ni tsinta. Wata ta ce, "'Yan mata, ke ta wace jam'iyya ce?" Na ce, "Ta hatsi." Ta ce ita ma can za ta koma in waɗannan sun ci sun manta da ita. Mai babur ya kwanto robar taya da yake ɗaure kaya da ita, na tattara, na ja, na ƙulle sau uku. Minti biyar ban kai ba. Ɗaurin ya fi na dā ƙarfi, har na yaba wa kaina. Na mayar da zanen na rufe, ban gaya wa Hajiya ba.

A shingen hanyar Tsibiri jandarma ya tsayar da mu, goma da rabi. Ya karɓi katina na lise ya juya shi, ya dubi ƙunshin.

"Hajiya, mi ke ciki?"

"Hatsi."

"Dami guda, babur biyu? Kuɗin babur ya hi hatsin."

"Kai ma tsayuwarka nan ta hi abin da ka tsare."

Ya yi dariya ya ɗaga sanda.

Tsibiri da ƙauyen Nomau, sha biyu saura kwata

Masu babur suka sauke mu bakin gari, don daga nan rairayi ne. Muka hau amalanken shanu, kilomita uku, minti arba'in. Na roƙi mai shanun ya yi musu magana, ya ce sun ji, shawara suke.

Kiɗan muka fara ji. Gangar noma ba kalangun biki ba ce, a ciki ake jin ta, ƙarƙashin haƙarƙari. Muna hawa tudu sai ga filin. Ku da kuka san dubu a allo kawai, ba ku san dubu ba. An jera damman kamar katangar gari, layi bayan layi, tsuntsaye na shawagi a kai. Manoma sun ci warki suna rawa da galma a kafaɗa, su sare ƙasa tare, su yi tsalle tare. Mahalba da rigunan layu na kirari ba mai sauraron wani. A gefe mata na kiɗan ƙwarya, mai goge na binsu. Tukwanen burkutu na gindin wata tsamiya, na fura da kunu na gindin wata, kowa ya san inuwarsa. Na ga mutum biyu da na sani a masallacin unguwarmu suna kai-kawo tsakanin inuwoyin, ba zan faɗi suna ba. Ƙafata ta fara rawa ban ba ta izini ba.

A tsakiyar fili an kafa sanda, inuwarta ta rage kamar tafin hannu. Kusa da ita wani dogon tsoho ke zaune kan turmi, hancin Hajiya sak a fuskarsa. Nomau ke nan. Wani ya yi shela, "Ga Dela!" Ban taɓa jin an kira kakata da sunanta ba. Kiɗa ya tsaya. Muka ajiye ƙunshin gabansa, Hajiya ta yaye zanen da kanta.

Baƙar roba, ƙulli uku.

Tsohon Sarkin Noma na yankin, wanda shi ke ƙirga, ya taɓa ta da sandarsa. "Wanga kayan mota ne. Ba dami ba ne."

Nomau bai dube ni ba, ita ya duba. "Dela, haka aka ɗauri birni?"

Na ce, "Ni na ɗaure. Igiya ta tsinke a hanya. Wai hatsin kuke so ko igiyar?"

Sai a lokacin ya juyo, ya gane jikar yayarsa ce, wato abokiyar wasansa. "Amaryata, hatsi kowa na da shi."

Tsohon Sarkin Noman ya yi min bayani kamar mai magana da kurma. Kowane gida da ɗaurinsa. Da ɗauri ake sanin gonar da dami ya fito, ko cikin duhun rumbu. Damin da ba ɗaurin ubansu a jikinsa, ko daga gonar ya fito, na kasuwa ne, ba ya shiga lissafi. Na ce to wani ya sake ɗaurewa. Ya ce Nomau ba zai ɗaura wa kansa na dubu ba, kuma mutum biyu suka rage duniya da suka koya a hannun uban.

Na dubi sanda. Inuwar ta kusa shigewa ƙarƙashinta. Rawar ta gudu daga ƙafata.

Hajiya ta matso gaban damin. Ta miƙo min jakarta, ta tuɓe mayafi, ta tuɓe zobba. "Ku ba ni kalgo." Aka kawo jiƙaƙƙe. Ta durƙusa cikin leshin da Baba ya sayo mata, ta yanke robata ta jefar, ta daidaita zangarnun kai da kai. Ta zagaya ɓawon, ta ja, ya suɓuce. Wata mata ta ce, "Hannun ya sha turare." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Nomau bai yi ba, ya sunkuyo har ya kusa faɗowa daga turmin, leɓensa na motsi.

Ta tofa yawu a tafi. Ta ɗora gwiwa kan damin ta danne da dukan nauyinta, ta murɗa bakin biyu hagu, sau uku, ta lanƙwasa ta cusa ƙarƙashi. Ba ƙulli ko ɗaya. Tsohon Sarkin Noman ya kama ɗaurin da hannu guda ya ɗaga damin sama, ya girgiza. Ko zangarniya ɗaya ba ta faɗo ba.

"Dubu."

Ganguna suka fashe. Aka ɗauki Nomau da turminsa, aka naɗa masa rawani, aka ba shi galma sabuwa, ya fara jifa da zangarnu cikin jama'a ana wawaso. Na shiga. Na faɗi, aka taka ni, na tashi da zangarnu huɗu da takalmi ɗaya. Wata tsohuwa ta ja ni cikin masu kiɗan ƙwarya, na yi rawa har kallabina ya bar ni. In wani ya ce muku 'yar Alhaji ce, ku ce bai gani da kyau ba.

Da ƙura ta lafa na hango su zaune kan tabarma ɗaya, suna kallon gaba. Na matsa don in ji abin da ake faɗi bayan shekara goma sha ɗaya.

"Kin tsuhwa."

"Kai ka koma yaro?"

"Da hwarko hannun dama kika murɗa."

"Na ji bakinka na gyara min, kamar ban girme ka ba."

Nan muka kwana, ɗakin uwargidansa, gadon kara, tuwon hatsi da miyar kuka. Ko motsi ban yi ba sai da zakara ya yi cara.

Komawa, Litinin

Bakwai da rabi amalanke ya kai mu Tsibiri, da buhun hatsi rabon Hajiya. Ranar kasuwar Maraɗi ce, mota ba wuya, tara da kwata muna ƙofar gida. Baba na zaune a zaure, bai fita shago ba, carbi na gudu a hannunsa.

"An ce an ga uwata bisa kabu-kabu."

"An gani daidai," in ji Hajiya. Ta tuɓe takalmi a nutse. "Kawunka ya yi dubu. Ran Juma'a yana tahe gaishe ni. Nan gidan. Ka sa a shimhiɗa mai tabarma."

Na lafe jikin bango ina jiran aradu. Baba ya dubi gwiwar leshinta da ƙasa ta ɓata, ya dubi tafin hannunta da kalgo ya yanka. Carbin ya tsaya. Sai ya tambaye ta.

"Har yanzu ba ya cin shinkahwa?"

"Ba ya ci."

"To a yi tuwo."

Ni dai an hana ni fita mako guda, shi ya sa kuka sami wannan da tsawo. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu da ƙafafunmu, ga Gwaggo Tabawa da kwaɗonta, ga matan anko da suka bar taronsu suka durƙusa kan kwalta, da mai babur ɗin da Hajiya ta shaƙe tun daga Jiratawa har Tsibiri bai ce uffan ba.