Rubutun da Na Sha a Madadin Inji

Ku gyara zama, ku ara mini kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, a ɗakina aka yi ta, nan Gyaɗi-Gyaɗi.

Autana mai gyaran waya ne a Tarauni. Wata ranar Laraba ya shigo da wasu injuna masu fanka, ya ce kuɗin intanet suke haƙowa. Na duba ban ga diga ba, ban ga shebur ba, amma na gyaɗa kai kamar na gane.

"Inna, iska suke so, kuma ɗakinki ne mai taga biyu."

"Ni kuma da me nake numfashi?"

"Suna mayar da kuɗinsu zan kama shago a Unguwa Uku in kwashe su."

Haka na koma ɗakin ajiya, ni da buhun gero. Injuna suna shan iska, ni ina shan gumi. Duk da haka in matan unguwa sun leƙo, sai in gyara ɗaurin ɗankwali in yi musu bayani, ni da ko kiran waya sai an danna mini.

Ana nan ana nan, auta ya fara fitowa fuska a murtuke. Ya ce wannan irin haƙar ba ƙarfi take bukata ba, ƙwaƙwalwa take ci. Kullum karatun da ake ba injin ya riƙe ƙaruwa yake, nasa kuwa masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne, sun kusa cika. Abin da suke samowa ma da kyar yake biyan wuta.

Na ce a raina, in dai hadda ce matsalar, ai mun san maganinta. Ba zan mutu a ɗakin gero ba. Na yafa mayafi na tafi wajen malamin layinmu, na ce rubutun buɗe ƙwaƙwalwa nake so.

"Na jika ne, Hajiya?"

"Na baƙi ne, Malam. Su shida."

Na dawo da gora cike, auta ya tare ƙofa.

"Inna, ɗigo ɗaya ya taɓa su, mun shiga uku."

Rubutu kuwa ba a zubarwa. Sai na zauna a bakin ƙofa, na fuskance su, na yi niyya a madadinsu, na shanye. Sati guda ina yi.

Ƙwaƙwalwarsu ta cika, wata safiya suka daina haƙa, fanka kawai ke juyawa. Auta ya sayar da su ga wani Bayarabe mai shagon da yara ke wasan kwamfuta, ya koma kan teburinsa na gyara. Malam har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko baƙin sun sauke. Ni kuwa na koma ɗakina ba tare da an kama shago ba, kuma tun daga lokacin babu baƙar maganar da aka taɓa gaya mini, tun ina amarya, da ban tuno ta ba.