Motar Hedimasta Mai Zanen Jakin Dawa

A majalisarmu ta Tudun Wada, ƙarƙashin dogon yaron da ke gaban garejin wani bakanike, an daɗe ana kawo mini duk gardamar da ta shafi ƙasar waje. Na yi karatu a Amurka, na yi aiki a Jamus da Jidda, na ɗan zauna a Abijan, kuma duk inda na sauka nakan koyi harshen mutanen har in yi ciniki da shi. Saboda haka idan hira ta kai kan jirgin ƙasa mai gudu, ko ƙanƙara, ko mota, sai a juyo wajena a ce, "Alhaji, kai da ka gani da idonka, raba mana." Ni kuwa in gyara zama in raba. Ban san ina son wannan juyowar ba sai da ta fara komawa wajen wani.

Wanin nan maƙwabcina ne, tsohon shugaban makarantar firamare, wanda har yau kowa ke kira Hedimasta. Bai taɓa wuce Legas ba. 'Yarsa da ke aikin jinya a Amurka ta aiko masa da babbar waya, ya faɗa cikin wani zauren masu son motoci na intanet, shi ke nan muka rasa sakat.

Wata rana bayan la'asar ya zo da hoton wata mota da ba a fito da ita kasuwa ba tukuna. Irin motocin nan ne na Amurka masu ƙofa biyu da dogon bonet, waɗanda aka ƙera don ƙarfi da ƙara, ba don ɗaukar iyali ba. Wani ne ya ɗauki hoton a ɓoye tana gwaji a kan titi. An lulluɓe jikinta duka da zane baƙi da fari, layi-layi a murɗe. Wayar ta zagaya hannu-hannu.

"Fulogi nawa ne?" in ji bakaniken, domin su da fulogi suke ƙirga ƙarfin inji.

Na ce, "Takwas. Irin wannan motar ba ta zuwa da ƙasa da takwas. Na tuƙa kakarta ina ɗalibi. In ka tayar da ita da safe, sai ka ji ƙarar a ƙirjinka kafin ta kai kunnenka."

Hedimasta ya ɗaga tabaransa ya ce, "Alhaji, wannan zancen zamanin da kake da gashi ne. Mutanenmu na zaure sun ce shida za a saka, da abin hura iska. Wasu ma sun ce batir ne zalla, sai a ɓoye lasifika a baya tana yin ƙarar."

"Lasifika? Mota ce ko masallacin Juma'a?"

"Duba bayanta mana. Ka ga salansa?"

Na karɓi wayar na duba. Inuwa ta rufe wurin, ba a ganin komai. Na ce inuwa ce, ya ce babu ce. Da a da ne, da maganata ta rufe zancen. Amma sai na ga kawuna sun taru a kan wayar, har da mai shayin da ya bar ruwansa yana tafasa, kowa yana jan hoton da yatsa yana neman salansa.

Haka muka kwashe makonni. Yau a ce fitilun gaba zagaye za su zama kamar na da, gobe a ce siririn layi ne daga gefe zuwa gefe. Wani tsohon ma'aikacin jami'a da ke zuwa daga unguwar Kongo ya dage cewa giyar hannu za ta dawo. Bakaniken ya ce shi duk bai dame shi ba, ko mene ne a ciki, sai ta tsufa a can za ta iso Zariya, kuma in ta iso mai ita zai kawo masa ya sauke injin ya ɗora ƙarami saboda tsadar mai. Na sha lura da wannan a tafiye-tafiyena. Bajamushe yakan tambayi lambobin mota, Ba'amurke ya saurari muryarta, Balaraben Jidda ya fara taɓa na'urar sanyi. Mutumin Zariya kuwa durƙusawa yake yi ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga ko za ta haye ramin bakin layinsu. Na faɗi wannan a majalisa, aka yi 'yar dariya, aka koma kan wayar.

Abin ya ci mini rai fiye da yadda ya kamata ga mai shekaruna. Ni na san ƙamshin kujerar irin motar nan in rana ta dake ta. Na san yadda gabanta ke ɗagawa in an taka totur. Shi kuwa abin da yake da shi tsohuwar mota ce mai fulogi huɗu, fara da ta koma ruwan ƙasa, wadda yake zuwa coci da ita ran Lahadi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Amma shi ake jira. In ya makara, sai ka ji ana cewa, "Hedimasta bai fito ba? Ko an saki sabon hoto?"

Sai na tafi Abuja wajen ɗana na kwana biyu. Ranar da na dawo, mai keken da ya ɗauko ni daga tasha ya tsaya a bakin layinmu don taron da ya tare hanya. Na leƙa. Motar Hedimasta ce a gaban gareji, an yi mata fenti daga bamba zuwa bamba, baƙi da fari, layi-layi a murɗe, daidai da na hoton. Mai fentin ya yi aiki, ba ƙarya. 'Yan acaɓa sun tsaya suna ɗaukar hoto. Hedimasta yana jingine da ƙofa yana bayani: wannan shi ne fentin da za a yi yayi, shi ya riga kowa a Zariya, har ya riga Amurkawan kansu.

Sai wani daɗi ya ratsa ni. Ban taɓa zaton akwai wanda ya ɗauki zanen nan fenti ba. A Jamus na sha ganin motocin gwaji da shi. Leda ce ake mannawa don ta rikita ido da kyamara, kada a gane siffar motar kafin ranar fito da ita. In ranar ta zo, a ɓare a jefar.

Na bari sai da majalisa ta cika washegari. Na sha shayina, na ajiye kofi, na ce, "Hedimasta, ka san abin da ka shafa wa motarka kuwa? Mayafi ne. Lulluɓi ne kamar na amarya." Na yi bayani dalla-dalla, har na faɗi sunan abin da Jamusanci. Na gyara zama ina jiran a juyo.

Aka juyo, amma ba wajena ba. Bakaniken ya ce, "Hedimasta, duba mana a waya, gaskiya Alhaji ya faɗa?"

Ya duba. Ya daɗe yana karantawa, leɓensa na motsi. Sannan ya ce, "Gaskiya ne. Leda ce."

"Ashe Alhaji ya sani," in ji mai shayi, da mamaki a muryarsa, kamar yau ya fara ganina.

Hedimasta bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce, "To, su sun shafa don kada a ga tasu. Ni na shafa, ga shi duk Tudun Wada ana ganin tawa. Shekara nawa ina bin layin nan ba wanda ya ɗaga kai?" Aka kwashe da dariya, har da tafawa. Ma'aikacin nan na Kongo ya ce gara ma a bar fentin, ko ɓarawo ba zai iya sace ta ba.

Fentin yana nan. Masu keke biyu a layinmu sun yi wa bayan kekensu irinsa. Motar Amurkan kuma har yau ba a ɓare mata leda ba, ni ina kan takwas, shi yana kan batir da lasifika.

Kwanan baya aka yi rasuwa a Gyallesu, tawa motar tana gareji, ya ce in zo mu tafi tare gaisuwa. Na shiga gaba. Tun daga bakin layi yara ke ihu, "Jakin dawa! Jakin dawa!" Mutane na ɗaga hannu, shi yana amsawa da ham. A mahaɗar hanya, muna tsaye muna jiran a ba mu hannu, wani matashi a kan babur ya sunkuyo ta tagata, ya tsallake ni da ido, ya ce, "Baba Hedimasta, an ce takwas ne ko batir?"

Hedimasta ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi Alhaji, ya tuƙa kakarta."

Na buɗe baki ke nan aka ba da hannu. Matashin ya ce, "Bari dai, zan zo in gani a wayarka," ya ja babur ɗinsa ya wuce.