Buhunan da Aka Juye Cikin Kogi

Shekaru sun ja, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka juye gumin mutane cikin kogi don a samu hoto mai kyau ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gara ku ji daga bakina.

Lokacin ina karatun digirin digirgir a unguwar Bukit Jalil da ke birnin Kuala Lumpur, ina kuma aikin wucin gadi a matsayin ƙaramin injiniya a wani kamfani mai tare shara a kogi kafin ta kai teku. Yadda aikin yake, akan gitta dogon shinge mai yawo a kan ruwa, ya karkato shara zuwa bakin wani jirgi da ke ɗaure a gefe. A cikin jirgin akwai bel mai aiki da hasken rana, yana kwaso robobi da leda yana zubawa a manyan kwanduna. Ni ke kula da bel ɗin. Ƙa'ida ɗaya ce ba a wasa da ita: in ruwa ya yi ƙarfi, dole a saki gefe ɗaya na shingen, in ba haka ba ya tsinke.

Sharar da ta maƙale a ciyawa da saiwoyin bakin kogi kuwa, sai da hannu. Ni na je taron 'yan arewa mazauna birnin na roƙi taimako. Malama Rabi, matar wani malamin jami'a, ta tattaro matan ɗalibai. Duk Asabar sai su bar girki da yara, su sa takalman roba su shiga taɓo har gwiwa. A wata Asabar ɗin kwalba ta yanki ɗaya daga cikinsu, Maman Hanif, a hannu, sai da aka yi mata ɗinki. Ranar sun tara buhuna jibgi guda, muka jera su muna jiran motar da za ta kwashe.

A makon ne baƙi za su zo daga kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu. An kwana biyu ba ruwan sama, kogin ya lafa, bel yana juyawa kusan wayam. Da safe manajanmu ya kira ni gefe, ya ce a ɗauki buhunan a kwalekwale a kai su sama da shingen, a zazzage, don baƙi su ga na'ura tana aiki. Na ce masa mata ne suka tsamo wannan sharar da hannunsu, kuma ga hadari yana haɗuwa.

"Za mu sake kama ta ai. Boleh lah," in ji shi, wato "zai yiwu" da yarensu.

"Ranka ya daɗe, ni hannuna ba zai taɓa buhun nan ba."

Ya tuna mini cewa ni ɗalibi ne, kuma akwai masu neman gurbina. Sannan ya sa leburori biyu suka yi.

Baƙi sun zo, sun tsaya da riguna masu tambari suna tafi, sharar tana hawa bel. Ba a jima ba ruwa ya kece irin na Kuala Lumpur, suka ruga cikin bas. Kogin ya cika ya yi ja, itatuwa suka fara dukan shingen. Pak Din, dattijon da ke tuƙa mana kwalekwale, ya dube ni, na dube shi, muka saki igiya. Ina tsaye sharkaf ina kallon fiye da rabin abin da matan nan suka tara yana wucewa teku. Har wata jar hular kwano da suka yi ta dariya da suka tono ta, na gan ta tana tafiya.

Washegari manaja ya ce in faɗa wa matan mota ce ta kwashe. Na je gidan Malama Rabi, a gaban maigidanta na faɗa mata abin da ya faru. Ta ce, "Malam Nura, ko zaren hannun Maman Hanif ba a cire ba."

Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauki matan suka hau jirgin ƙasa har ofishinmu, ta nemi ganin babban darakta, ta faɗa masa komai da Turancinta tar. Aka ba su haƙuri da shayi. Manajan bai rasa kujerarsa ba, ni ne dai ba a sabunta wa kwantiragi ba. Matan kuma suka koma aiki da jama'ar wani masallaci na unguwar, inda ba sa barin wurin sai sun ga buhu a cikin mota.

Na'urar ba ta da laifi, har gobe ina yabon ta. Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a akwai mai son kogi ya tsarkaka, akwai mai son a gan shi kusa da kogi. Rigarsu iri ɗaya ce. In kuna son bambance su, ku lura da yadda mutum yake ɗaukar wahalar wanda ya shiga taɓo ba a biya shi ba.