Karen Da Baba Ya Tsamo Daga Lambatu

Mahaifina malami ne a Ƙofar Atiku, irin malaman da idan sun biyo hanya masu shago kan miƙe su gaishe su. Shi ya sa ban manta kunyar da na ji ba ranar da ya shigo gida rungume da kare a cikin tsohon buhu, farar rigarsa ta yi baƙi ƙirin da ruwan kwata. Lokacin ya haura saba'in, ni kuma ina da mata da 'ya'ya, ina zaune a sashena cikin gidan. Bazara ce irin ta Sakkwato, wadda ko ƙadangare ba ya yarda ya taka ƙasa da azahar.

Ya je Sabon Gari ne duba wani tsohon ɗalibinsa da ke kwance. A hanyar dawowa ya tarar da mutane sun kewaye lambatu suna kallo, wani abu na kuka a ciki. Wata mai sayar da abinci ta gaya masa karen wani mai kayan gyaran mota ne da ya kwashe kayansa ya koma garinsu, ya bar shi saboda ya makance. Kwana uku yana yawo yana karo da bango kafin ya faɗa. Baba ya tattare riga ya shiga.

Karen ɗan ƙarami ne, bai fi ɗan akuya sabuwar haihuwa ba, fari, gashinsa kaushi kamar soso, har da ɗan gemu. Idanunsa duka biyu sun yi fari fat.

Inna ta fito daga madafa ta tsaya. Ta ce, "Malam, mi na na wanga?"

Ya ce, "Kare na."

"Na ga kare na. Gidan ga za ka aje shi?"

"Har in samo mai wurin zama."

Ta ce, "To, kowa yad ɗebo da zahi bakinai." Ta koma madafa, amma ba a jima ba sai ga ta da ruwan ɗumi a bokiti.

Ni nawa bakin ya fi nata tsawo. Na yi masa bayanin mutunci, da abin da unguwa za ta ce, da yadda gidan karatu ba gidan kare ba ne, kamar ba shi ya koya mini alif ba. Ya saurare ni har na gaji. Sannan ya ce, "Ka ƙare? To gobe ka hiddo mashin ɗinka mu kai shi ga likitan dabbobi."

Likitan ya ce irin ƙananan karnukan Turawa ne da ake kiwo don kamun ɓera, ya faɗi sunan irin, ban riƙe ba. Ya ce idon ya tafi ke nan, amma hanci da kunne lafiya lau. Ya yi masa allura muka dawo, ni ina tuƙi ina sunkuyar da kai kada wani ɗan ofishinmu ya gan ni.

Aka ajiye shi a tsohon garken awaki da ke bayan gida, nesa da inda ake salla. Inna duk da mitarta ita ke kai masa ɗumamen tuwo da ruwa a wani kasko. Sai dai a kwana na huɗu karen ya kwanta, harshe a waje, yana haki, ga ruwa cike da kasko taku uku daga inda yake. Na ce wa Baba ajali ne ya zo, a bar shi ya huta mu ma mu huta.  Ya ɗauki kujerar tsuguno ya zauna a bakin garken tun bayan azahar har la'asar ta gabato, yana kallo kawai. Ya ga karen ya ja jiki zuwa wani lungu, ya shinshina, ya lashi busasshiyar ƙasa, ya koma ya kwanta. Sai ya aika a kira Inna.

Ya ce, "Kaskon ga, sau nawa kika wanke shi kullum?"

Ta ce, "Bakwai mana, awa yadda kaka karantarwa. Har da garin sabulu nika sawa, in shanya shi rana, sannan in aje mai inda inuwa take."

Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Wancan hukuncin kwanon da mutum za shi ci ciki na. Wanga nashi na, babu mai sha ciki sai shi. Kin wanke warin da shika bi, kuma inuwa yawo takai, kullum kina canza mai wuri. Makaho na, baiwar Allah. Da hanci shika gani."

Inna ta dubi kaskon. Matar nan shekara hamsin tana kiyaye tsarki kamar ranta, ga shi tsarkin nan ya kusa kashe bawan Allah da ƙishirwa a gidanta. Ta ce, "Rashin sani ya hi dare duhu." Da hannunta ta haƙa ɗan rami a lungun da karen ke neman ruwa, ta dasa kaskon a ciki yadda ba mai iya gusar da shi, ta tsoma yatsa tana kaɗa ruwan har karen ya ji ƙarar ya taso. Ina tsaye ina kallon yadda yake sha, kunya ta sake kama ni, amma wannan karon ba ta mutane ba ce. Na zauna gida ɗaya da karen kwana huɗu ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Kare ya murmure, unguwa kuma ta ɗauka. Wasu daga cikin matan da ke zuwa karatu wurin Inna suka daina zuwa. Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawa biyu daga masallacinmu suka zo zaure da ladabi suka yi magana. Na zaci Baba zai buɗe musu littafi ya ɗaure su da jijiyoyinsu, don ya iya. Sai ya ce suna da gaskiya, gidan cikin birni ba wurin kare ba ne, an yarda da shi ne don gadi ko kiwo ko gona ko farauta, su ba shi lokaci zuwa wata Juma'ar. Ɗayansu ya ce ai abin mai sauƙi ne, akwai masu yawo da keji suna sayen karnuka, har adda ko kwano suke bayarwa. Kowa a zauren ya san a tukunya waɗannan karnukan ke ƙarewa. Ni dai na san idan Juma'a ta zo ba a samu gida ba, can ɗin zai tafi, ko da Baba ba ya so.

Kusan mako guda muka yi muna zaga gari a kan mashin. Wani mafarauci ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tuna gaban wa yake ya ba da haƙuri. Wani mai gadi ya ce shi kare yake so wanda ɓarawo zai gani ya gudu, ba wanda zai sa a aljihu ba. A Sabon Gari muka samu wata mata mai kirki da ta ce tana so, har ta ɗauke shi tana shafawa. Baba ya zaga gidan, ya ga rijiya ba murfi a tsakiya, ƙofa kuma a bakin titi, ya yi mata godiya ya karɓi abinsa. A waje na fusata. Na ce, "Baba, wanda ruwa yac ci ko takobi anka miƙa mai kamawa shikai!"

Ya ce, "Ban hiddo shi lambatu don in jeha shi rijiya ba."

Ranar Laraba wani manomi daga Kwalkwalawa ya zo gaishe da Baba, kamar yadda ya saba idan ya shigo gari. Cikin hira ya koka da ɓeraye da suka addabi ɗakin da yake ajiye shinkafa, ga shi ba ya iya sa guba saboda kaji. Baba ya gyara zama ya yi masa tayi. Mutumin ya rasa yadda zai ƙi. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, kyanwa biyu masu ido sun kasa."

Baba ya ce, "Gani ya kori ji. Gobe muna tahe."

Da hantsi muka isa. Aka sa karen a ɗakin shinkafar aka ja ƙofa rabi. Ya tsaya yana rawar jiki, hanci a sama, har na fara shirya kalmomin ban haƙuri. Sai kawai ya faɗa tsakanin buhuna. Muka ji kokawa, sai ga shi ya fito da gafiya a baki, ya girgiza ta sau ɗaya ya yar, ya koma. Kafin mu shanye furar da aka kawo mana ya jera uku a bakin ƙofa. Matar gidan ta rangaɗa guɗa daga bayan zana, ni kuma na kama kaina ina tafi.

Baba bai tashi tafiya ba. Ya ɗaura wa karen igiya ya riƙa bi da shi ta gindin katanga, daga ɗakin shinkafa zuwa wurin ruwa, daga nan zuwa inuwar darbejiya, ya dawo, ya sake, tsoho yana tafiya a duƙe cikin rana. Ya roƙi maigidan kada a riƙa gusar da turmi da randa, a rufe ramin da ke bayan ɗaki, kuma duk mai son taɓa karen ya fara yi masa magana.

Juma'a ta zo gidanmu ba kare, dattawa suka yi godiya. Amma da muka koma ranar Asabar manomin ya tare mu da damuwa. Ya ce tun da muka tafi karen ya kwanta a bakin ƙofa, bai ci komai ba, ɓerayen ma ya daina kula su. Baba na yin magana kuwa ya zabura ya zo yana tsalle a ƙafafunsa. A gabansa ya cinye abinci tas. Lahadi ma haka, Litinin ma haka.

Ranar Talata tun a hanya Baba ya sa na kashe mashin nesa da gidan. Muka shiga shiru. Ya yi wa manomin alama da hannu, manomin ya tsuguna ya kira karen da kansa, ya miƙa masa abinci a tafin hannu. Karen ya ɗaga hanci wajenmu, ya yi ɗan kuka. Baba na tsaye bayan rumbu, bai motsa ba, bai ce uffan ba. An daɗe, sannan karen ya sunkuya ya ci. Baba ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya fita a kan yashi mai ƙuna, ko sallama bai yi wa mutanen gidan ba. Muka tura mashin har bakin titi kafin ya yarda in tayar.

Karen ya yi shekaru a gidan, ya yi ƙiba, manomin yana kawo labarinsa duk zuwa, Baba yana tambaya har da abin da ya ci. Amma duk hidimar da ta kai Baba Kwalkwalawa bayan nan, bikin suna ko ta'aziyya, a bakin masallaci yake tsayawa a kira masa mutumin. Wata rana na ce masa mu shiga mana ya gan shi, ko na minti biyu.

Ya ce, "A'a. In yaj ji muryata za shi zaci na zo ɗaukar shi na."