Likita a Bakin Kwata

Da na gama ƙwarewa a kan cututtukan yara masu yaɗuwa, mahaifiyata ta ɗauka shi ke nan, sai ofis mai sanyi da farar riga. Ba ta san rabin aikina a bakin kwata zan yi shi ba.

A lokacin, cutar shan inna tana cin karenta ba babbaka a Kano. Uwa za ta shigo da yaro a goye, ta ce shekaranjiya da gudunsa, ya yi ɗan zazzaɓi, yau ƙafa ta saki. In ɗaga ƙafar in sake ta, ta faɗi kamar tsumma. Ba ni da maganin da zai dawo da ita. Wannan ne ya tura ni binciken rigakafi.

Ƙwayar cutar ta bayan gida take fita, saboda haka in tana yawo a unguwa, ruwan kwata zai tona asirinta tun kafin ta kayar da yaro. Sai mu san inda za a ƙara kai ɗigon rigakafi. Da sassafe muke fita da takalman roba da guga da igiya, mu ɗebo ruwa a magudanan da ke bayan Bompai da Sharaɗa, mu sa a akwatin ƙanƙara mu kai ɗakin gwaji. Na wajen Challawa ya fi wuya, don warin kamfanonin jima har cikin ido yake shiga. Ma'aikatan da ke tahowa daga Panshekara kan tsaya su ce, "Likita, yau ma an samu kifi?"

A Sharaɗa na haɗu da wani mai walda wanda shan inna ta cinye wa ƙafafu tun yana goye. Kekunan guragu yake ƙerawa, irin waɗanda ake tuƙawa da hannu. Wata safiya ya gangaro a kan nasa, ya daɗe yana kallona.

"Likita, me kuke nema a cikin ƙazantar nan?"

"Abin da ya taɓa ƙafarku, Malam."

Ya ce, "To in kun gan shi, ku faɗa mini inda yake."

Haka kuwa aka yi. Duk unguwar da sakamako ya nuna cutar, sai mu tafi tare. Magidancin da ya hana a ɗiga wa 'ya'yansa, ni sai in yi ta bayani yana kallon gefe. Shi kuwa malamin sai ya sauko daga keke, ya ja jiki har bakin zaure, ya yi sallama ya ce, "Alhaji, ni mahaifina bai samu wannan damar ba. Ku kun samu." Ba kowa ne ya yarda ba, amma ƙofofi da yawa sun buɗe.

Sannu a hankali sakamako ya fara dawowa babu komai. Ban yi saurin murna ba. Damina ta wuce, wata ta zo, ruwan na dawowa fes, asibiti ma ba a kawo sabon yaro ba. Ranar da aka tabbatar muguwar ƙwayar ta bar ƙasar nan, na yi sujadar godiya a tsakiyar ɗakin gwaji, abokan aikina na ta kabbara, wata ma'aikaciyar jinya har da guɗa.

Da yamma na nufi Sharaɗa in yi wa malamin albishir. Na tarar da shi cikin tartsatsin wuta, yana haɗa wasu dogayen ƙarafuna da ban gane ba.

"Ai kun kashe mini kasuwa, Likita," ya ce yana dariya. "Rabon da a kawo mini aikin keken yaro har na manta."

"To wannan kuma mene ne?"

"Lilo ne. Wata makarantar Hotoro ce ta ba ni aiki. Sun ce in yi shi da ƙwari, don yaransu ba sa jin magana."

Na zauna a kan benci na riƙe masa ƙarfen har ya gama liƙe shi.