Kabo da Cikin Injinsa

Kowace safiya, kafin ya murza hannun injin niƙa, Kabo yakan ɗora tafinsa a kan ƙarfen mai sanyi, kamar uban da ke taɓa goshin ɗansa. Masu jiran niƙa sun saba, ba mai hanzarta shi.

Da ba haka yake ba. Lokacin da ya kafa injin a Gaya, tayarwa da kashewa kaɗai ya iya. In inji ya yi tari, sai ya aika Kano a kira Oga Emeka makanike. Da zarar Oga ya fito da sifana, Kabo zai ajiye masa ruwan sha ya fice, don a tarbiyyar gidansu zura wa mai sana'a ido tamkar satar sana'arsa ne. Oga yakan ce ya matso ya gani, shi kuwa sai dariya daga bakin ƙofa.

A shekarar sittin da shida ƙasa ta rikice, Oga ya koma garinsu. Ana tsakiyar kaka inji ya tsaya. Gero ya cika rumbuna, mata suka koma kan dutsen niƙa, aka fara cewa Kabo ya rufe ke nan. Wansa Badaru ya ce a yi haƙuri, an yi magana da wani makanike. Kasuwa ta ci, ta sake ci, bai zo ba.

Yayarsu Hure mai fura ce ta gaji. Ta shigo ɗakin injin da faya-fayanta a hammata.

"Kai Kabo, kullum kana manne da abin nan, ba ka taɓa leƙa cikinsa ba? Kwance shi. Ai ya riga ya tsaya, me kuma zai same shi?"

Ya shiga kwancewa. Duk abin da ya cire, Hure ta jera shi a faifai bi da bi, yadda za a mayar daga na ƙarshe zuwa na farko. Suka iske bututun mai ya toshe. Ya wanke, ya haɗa, inji ya ƙi tashi, ga noti ɗaya ya rage a faifai. Hure ta tambaye shi ko wannan na miya ne. Washegari ya sake kwancewa. Da la'asar inji ya yi tari, ya kama, ƙararsa ta ratsa unguwa.

Bayan yaƙin basasa makanikai suka wadata, amma Kabo bai sake aikawa Kano ba. Wata safiya, tafinsa na kan ƙarfe, wani Bappa daga Toranke ya yi sallama. Nasa injin ya tsaya, ya ce in Malam Kabo zai je ya gyara masa, shi zai ba shi wuri ya jira a waje.

"A'a, Malam Bappa. Kusa da ni za ka zauna, kai za ka riƙe sifanar."

Kabo ya ɗauki jakar kayansa, ya zari faifai biyu da ke rataye a bango, ya fita.