Baturen da Muka Bari a Ƙofa

Har in koma ga Allah ba zan manta da wannan rana ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, mai shela ya zaga ƙauyenmu, kusa da Hunkuyi, yana cewa ran Laraba Baturen gona zai zo duba auduga. Maigidana yana cikin cin tuwo, sai ya tsame hannunsa.

Yana saurayi ya yi wa wani Bature aikin kuku a Zariya. Bai taɓa faɗa mini abin da aka yi masa ba. Na dai san tabon da ke bayansa, na kuma san ko ƙarar mota ya ji sai ya miƙe ya tuɓe takalmi.

Ni karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma bakina ba ya gajiya. Don in ga dariyarsa, na ƙago masa labarin wani zamani mai zuwa, inda mutanen Kudan suka ƙera jirgi mai zuwa wata, Turawa kuma suna zuwa ƙwadago a gonakin rake. Jirgin nawa da man gyaɗa yake tashi, har da akurkin kaji a ciki.

"Uwargida, wane irin jirgi ne da kaji?"

"To Malam, in an kai wata, da me za a yi miya?"

Kullum in na kawo masa abinci sai mu ƙara kaɗan, har muka kai inda wani Bature ya tsaya a ƙofar gidanmu, hula a hannu, yana roƙon aiki. Na ce, "Za ka ɗauke shi?" Ya ce, "Bar shi ya ɗan jira."

Ran Laraba motar Baturen gona ta tsaya daf da zaurenmu. Malam na zaune a dakali, ni ina leƙe ta darni. Baturen ya sauko ya nufo shi. Na ga hannun Malam ya kai ga takalminsa, ya ɗan tsaya, sannan ya dawo. A zaune ya amsa gaisuwar, yadda yake amsa wa kowane yaro baƙo. Ni kuwa, mai jirgin zuwa wata, sai ga ni durƙushe a bayan darni, inda ba mai ganina sai akuya.

Da na ba shi labarin durƙuson da na yi, ya yi dariya har da hawaye. Dariyar ta ƙare, hawayen ba su tsaya ba. Na zauna kusa da shi.

Ranar na gane sauke tutar Bature ba ya cire tsoro daga jikin mutum. Kowa sai ya cire nasa a hankali, har wanda yake zaton ba shi da shi.

Da damina ta zagayo zazzaɓi ya ɗauke Malam, Allah ya jiƙansa. Ba mu ƙarasa labarin ba. Baturen labarin namu yana nan tsaye a ƙofa, ba a ba shi amsa ba.